Takalman Baƙuwar Kawu

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa, Inna ta kama hannuna a tsakar gida, idonta jawur, ta ce, "Ke, waɗanga mutane su wane na? Dangin yayana na san su kaf, 'yan kasuwa na san su. Waɗanga ban taɓa ganin ko ɗaya ba, kuma sun hi ni kuka."

Na ce mata mutanen waya ne. Ta dube ni kamar na zage ta.

Ban ga laifinta ba. Tun kafin azahar ƙofar gida ta cika da baburan kabu-kabu. Wasu sun zo daga Shanga, wasu sun biyo jirgin inji daga tsallaken kogi, akwai wanda ya kwana a mota daga Ikko. Sai ka ga mutum biyu sun tsaya suna kallon juna, ɗaya ya faɗi sunan da yake rubutu da shi, ɗayan ya dafe kai, su rungume juna suna hawaye. Sun yi shekaru suna hira, ranar ce suka fara ganin fuskar juna. Wani ƙato da bai taɓa ganin Kawu ba sai a hoto ya zauna a bakin zaure yana rusa kuka, har liman ya ce masa ya ji tsoron Allah ya yi haƙuri. Tsofaffin dillalan kifi, abokan Kawu na kasuwar Yelwa, suka koma gefe guda suna zumɓure baki. Ina ganin haushi suke ji, an zo an fi su rashi.

Can da la'asar wata mata ta shigo, ƙwarya cike da dawa a kafaɗarta, yadda matan tudu ke ɗaukar kaya. Ga ɗan gicciye a wuyanta. Ta tuɓe takalman roba a bakin ƙofa, ta sauke ƙwaryar, ta tsuguna nesa da tabarma. Cikin matan ba wadda ta san inda za a zaunar da ita. Inna ta ce, "Ɗiyar wa ta?"

Matar ta ce, "Baƙuwar Baba ce ni."

Ni kaɗai a ɗakin na san abin da take nufi. Na tashi na jawo ta kan tabarmata.

Saboda ita nake wannan rubutu. Ina so a tuna da Kawu, wannan gaskiya ne, amma abin da ya hana ni zama lafiya shi ne tun ba a naɗe tabarmin makoki ba aka fara shirin rufe wa wannan mata baki a wurin da Kawu ya buɗe mata shi. Kuma mai shirin ba bare ba ne, ɗan Kawu ne na cikinsa, taubashina.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'arsa saukar baƙi. Tun ina ƙarama na san zaurensa da warin kifin banda, kwalaye jibge har rufi, fatake daga kudu kwance a kan tabarmi suna yarensu. A kasuwar kifi baƙo ba ya shiga kai tsaye. Sai yana da mai masauki, wanda zai ba shi wurin kwana, ya raka shi bakin kwata inda jirage ke sauke kaya, ya nuna masa wanda za a yarda da shi. In baƙo ya yi faɗa ko ya taka wata doka, ba shi ake kira ba, mai masaukinsa ake kira.

Kawu yana da wata ɗabi'a da ba kowane mai masauki ke da ita ba. Da zarar baƙo ya tuɓe takalmi ya sha ruwa, sai Kawu ya sunkuya ya kwashe takalman da hannunsa, ya kai ɗakinsa ya tura ƙarƙashin gado. In za ka kasuwa, ga silifas na gida nan birjik, ka zura ka tafi. Takalmanka kuwa sai ranar da za ka bar gari, shi da kansa zai ɗauko ya miƙa maka. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Don kar mutum shi yi hushi shi sulale ban sani ba. In zai tahi, shi dubi idona, in dubi nashi." Baƙo ɗaya tak na taɓa ji ya miƙa wa takalmi tun kwanansa ba su ƙare ba, wani da ya ɗaga wa matar maƙwabci hannu.

Da waya ta yawaita, zauren ya mutu. Fatake suka daina zuwa, daga can suke bugo waya a ɗora musu kwali a mota. Kawu ya wayi gari ba baƙo, ga matarsa ta riga ta rasu. Ya koma mai faɗa da kaji. Inna ta ce in aka bar shi haka zai haukace.

A lokacin ne taubashina ya buɗe wani shafi a intanet, ya sa masa suna Bakin Kwata. 'Yan Yawuri da ke nesa da gida suna rubuta abin da suka tuna, na gida suna rubuta abin da ke faruwa. Wani ya ba da labarin tsibirin kakanninsa da ruwan dam ya cinye, wata ta koya wa mutane miyar ƙarfasa, ni kuma ina caccakar iyayen da ke cire yara daga ajina ranar kasuwa, don koyarwa nake yi a wata firamare. Taubashina ya iya abin, ba zan hana shi wannan ba. Shi ɗan namiji ne, ni 'yar mace, don haka tun muna yara yake ce mini baiwarsa, ni kuma ina ce masa ubangidan da ba ya ciyarwa.

Wata rana yana zaure yana karanta wa abokansa rubutun wani sabon shiga, suna ta dariya. Yaron ya rubuta labarin kwalekwalen ubansa, ya kwaɓa Hausar, mutane suka yi masa caa a ƙasan rubutun har ya goge ya gudu. Kawu yana gefe yana gyaran carbi. Ya ɗago ya ce, "Ina mai masaukinai?"

Aka ce masa nan ba kasuwa ba ce, kowa shigowa yake yi.

"Kowa shigowa shikai? Ba mai ba shi ruwa? To wanga wuri naku ba gari ba na, daji na."

Washegari ya sa aka saya masa babbar waya. Karatun bokonsa na yaƙi da jahilci ne, da yatsa ɗaya yake rubutu yana motsa leɓe, amma ya gano saƙon murya, kuma daga ranar muka shiga uku. Ya matsa wa ɗansa lamba har aka kafa doka: duk wanda ya nemi shiga Bakin Kwata, sai wani na ciki ya ce "baƙona ne." Mai masaukin shi zai fara karanta rubutunsa na farko, shi zai fara yi masa sharhi kafin kowa ya tofa. In baƙo ya yi kuskure, mai masauki za a rufe wa baki har Juma'a ta zagayo.

Na yi zaton mutane za su watse, sai ga shi sun ƙaru. Da can girman mutum a shafin yana ga yawan masu dangwala wa rubutunsa yatsa alamar yabo. Bayan dokar Kawu, sai ka ji ana cewa, "Wance ai ita ta sauki wane, shi kuma ya sauki wane." Mutum ya fi alfahari da baƙonsa da ya zama mai masauki fiye da mabiyansa. Akwai wani makaniki a Kontagora da ba ya rubuta komai sai sannu da zuwa, amma in ya yi magana kowa na shiru, don rabin shafin ta hannunsa suka shigo.

Kada a ɗauka Kawu waliyyi ne. Yana son yabo kamar me. 'Yan shafin sun naɗa shi Sarkin Baƙi da wasa, ya riƙe abin da gaske, har hula ya canza. In ya saki saƙon muryarsa mai tsawon huɗuba, game da yadda ake gane giwan ruwan jiya da na yau, ya ga an yi shiru, sai wayata ta yi ƙara ina tsakiyar aji.

"Ɗiyata, lahiya kike?"

"Lafiya lau, Kawu."

"To na ga ba ki ce komi ba."

Haka zan fita bayan aji in rubuta masa Allah ya ƙara basira, sannan in samu lafiya.

Matar nan ta tudu ta nemi shiga ne bayan mijinta ya nutse. Jirgi ya kife da su suna dawowa daga cin kasuwa, kuma ba a ga gawarsa ba. Tana zaune a wani ƙauye cikin duwatsun Ngaski, sai ta hau kan dutse take samun sabis. Ta ji an ce akwai wurin da mutanen bakin ruwa ke haɗuwa, ta yi tunanin ko wani ya ga wani abu. Sunanta ya daɗe a bakin ƙofa ba wanda ya ce baƙuwarsa ce. Ba a san ta ba, ba 'yar gari ba ce, kuma sunan ya nuna addininta. Kawu yana duba masu jira kamar yadda yake leƙa tasha a da, ya gan ta. Ya ce, "Wagga baƙuwata ta."

Rubutunta na farko ba shi da aya ba shi da waƙafi, Hausar ma ta koyo ce. Ta faɗi kalar rigar mijin, ta faɗi tabon da ke ƙafarsa, ta rufe da addu'a irin tasu. Kawu ya fara amsawa. Ya ce mata sannu da zuwa, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya kira masunta na shafin ɗaya bayan ɗaya da sunan garuruwansu, ya ce kowa ya tambaya a kwatarsu. Ba a samu gawar ba har yau. Amma wani masunci ya tuna inda aka binne wani mutum da ruwa ya kawo a kwanakin, mai tabo a ƙafa, kuma ya kai ta wurin da kansa a kwalekwalensa.

Daga nan ta zauna. Tana rubuta labarin noman dawa a kan tudu, da yadda suke sasantawa da makiyaya in shanu sun shiga gona, da rikicin surukarta. Masu karanta ta ba su da yawa, amma ba sa fashi. A ƙauyensu kuwa ta zama wata aba. Matar da aka ɗauka ta ƙare da mutuwar miji, sai ga mai gari yana aiko mata ta sanar da duniya gadarsu ta karye.

Rigimar da ba zan manta ba ta faru ne da kaka. Sun yi bikin godiyar girbi, ta sa hoto tana murna, a bayanta ga tukwanen burkutu a jere. Shafin ya kama da wuta. Masu cewa a kore ta sun fi yawa, wasu ma har da zagin Kawu a fakaice. Taubashina ya zo zaure da gudu, ina nan na kawo wa Kawu fura. Ya ce zai cire ta kawai a huta.

Kawu ya ce, "Ba ita tay yi laihi ba. Ni na ban hwaɗa mata abin da kasuwagga ba ta so ba. Ruhe bakina."

"Baba, kai ne Sarkin Baƙi. In na rufe ka, ni za a zaga."

"In ba ka ruhe ni ba, gobe wa za ka ruhe shi yarda?"

Suka yi ta yi har murya ta tashi. Taubashina ya ce dokar kasuwar kifi ba za ta riƙe dubban mutane ba. Kawu ya ce to ya mayar masa da wayarsa ya koma faɗa da kaji. A ƙarshe ɗan ya danna abin da zai danna, ya fita ko sallama babu.

Wannan mako Kawu ya sha wuya. Mutumin da ba ya iya shiru ko a masallaci sai an harare shi, ga shi yana ganin hira tana wucewa ba damar tofawa. Ya bugo mini ya ce in rubuta wani abu da sunana, zai faɗa mini. Na ce Allah ya kiyaye, doka doka ce. Ya ce ni ba ɗiyar arziki ba ce, ya kashe waya. Amma a cikin makon ne ya hau mota zuwa Wara, ya hau babur ya shiga duwatsu da tsufansa, ya je ya gaida baƙuwarsa a gaban mutanen ƙauyensu. Ya faɗa mata abin da ya ɓata wa mutane rai, ta cire hoton, ta sa wani na damman dawa. Da Juma'a ta zagayo ya dawo shafin da saƙon murya mafi tsawo da ya taɓa yi, kuma ba wanda ya sake ɗaga maganar korarta.

Ciwonsa bai daɗe ba. Saƙonsa na ƙarshe faɗa ne yake yi wa masu jirage, ruwa ya cika, su rage lodi.

Kashegarin jana'iza taubashina ya sa sanarwa a shafin. Ya gode wa kowa, sannan ya ce za a shiga sabon tsari. Dokar masauki ta tsaya. Daga yanzu masu yawan mabiya ne za su riƙa rubutu, za a ba su alama ta musamman, sauran su karanta su dangwala. Na karanta ina tsakar gida, na ji kaina ya yi zafi. Na same shi a zaure.

Ya ce, "Baiwata, zauna ki ji. Shafin ya fi ƙarfina. 'Yan damfara na shigowa, masu jira a ƙofa sun yi yawa, Baba ne ke bin su ɗaya-ɗaya. Ni ina da aiki, ina da iyali. Wa zai yi?"

Gaskiya ya faɗa, kuma na ga idonsa ya faɗa don kuka. Na ce ni zan yi, makanikin Kontagora zai yi. Ya ce mu ba Baba ba ne. Na ce baƙin Kawu fa, waɗanda ba su da mabiya? Ya ce ba korarsu ya yi ba, za su iya karantawa. Na tashi don kar in faɗi abin da zan yi nadama a gidan makoki.

Matar ta zauna tare da mu har sadakar uku. Ba ta yarda ta zauna haka kawai ba, ita ce wankin tukwane, ita ce ɗiban ruwa, har Inna ta fara kiranta ɗiyata ba ta sani ba. Da safe bayan an yi addu'a an watse, ta zo ta ce mini za ta bi motar Wara. Na tambaye ta ko ta ga sanarwar.

Ta ce, "Na gani, Malama. Ba komai. Zan riƙa hawa dutse ina karanta naku."

Da ta yi kuka ko ta yi faɗa, da na iya jurewa. Wannan "ba komai" ɗin ne ya ƙona mini rai. Na ce ta jira ni. Na je bakin ƙofa na kwashe takalmanta na roba, ɗaya ma an ɗinke maɗaurinsa da zare, na wuce zaure da su. Taubashina na zaune da tsofaffin dillalan nan. Na ɗora masa takalman a cinya.

"Mene ne haka?"

Na ce, "Na baƙuwar Kawu ne. Tafiya za ta yi. Kai ka gaji zaure, kai za ka sallame ta. Ba a waya ba, ka tashi ka miƙa mata da hannunka, ka dubi idonta."

Ya ce in bar wasa, yau ba ranar taubasantaka ba ce. Na ce ko kusa ba wasa nake ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya gyara zama ya ce, "Gaskiya ɗiyar ga ta hwaɗi. In mai masauki ya kau, baƙinai na magaji na. Ko shi riƙe, ko shi sallama. Ba a barin su tsaye."

Inna ta fito jin hayaniya, matar na biye da ita ba takalmi, ƙwaryarta a kafaɗa. Ta tsaya a bakin zaure tana duban ƙasa. Taubashina ya miƙe da takalman a hannu. Ya yi taku zuwa wajenta, ya tsaya. Ya dube ta, ya dubi takalman, ya daɗe a haka har na ji tausayinsa.

Sai ya juya. Ya ratsa tsakar gida, ya ɗaga labulen ɗakin Kawu da ba wanda ya shiga tun ranar rasuwar. Ta ƙofa muna hango shi ya durƙusa ya tura takalman ƙarƙashin gado. Bai fito da wuri ba, kuma ba wanda ya bi shi.

Inna ta share ido da gefen zane, ta tura wa matar silifas ɗinta da ƙafa. Ta ce, "Zura waɗanga. Aje ƙwaryag ga, ba inda za ki yau."

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Taubashina ya janye sanarwar, amma har yanzu yana kan bakansa game da alamar manyan marubuta, ni kuma ina kan nawa, jiya ma mun yi. Masu jira a ƙofa suna nan da yawa. Ni da makanikin muna bin su bayan mun tashi aiki, kuma na gane Kawu ba ƙaramar wahala yake sha ba. Ban iya saƙon murya mai tsawo ba, ba ni da haƙurinsa, amma muddin ina da yatsa da caji, ba wanda zai shigo Bakin Kwata a bar shi ba ruwan sha.

A makon da ya wuce wani yaro makiyayi daga wajen Shanga ya nemi shiga. Na gan shi ina aji, na ce in na tashi zan sauke shi. Da na buɗe waya na tarar an riga ni. Daga kan dutsenta baƙuwar Kawu ta rubuta, ba aya ba waƙafi: "wannan baƙona ne sannu da zuwa ka sha ruwa"

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa. Ya saukar da shi masauki mafi kyau, yadda ya sauki bayinsa, waɗanda ya sani da waɗanda bai sani ba.